Muryar Kanari a Jikin Bango

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo tun safe, wai na bar ku tsaye a bakin titi, to ku matso. Wadda yau ta fara shigowa ita ma ta samu wuri ta zauna, ba za ta ɓata ba.

*

Wata takwas ke nan cur rabon Kanari da ta ce uffan. Yarinya 'yar shekara shida, wadda babanta ya laƙaba wa sunan saboda bakinta ba ya hutawa. Tun ranar da aka kira daga asibiti aka ce ya cika, ta kulle bakin ta jefar da makullin. Ba a ma gaya mata ya rasu ba. Uwarta ce ta hana, ta ce a ce mata ya yi tafiya. Likita uku suka duba ta, kowanne ya ce firgita ce, a ba ta lokaci.

Sai ga shi yau wata mai karɓar ɗinki ta miƙo wa Maman Kanari waya a shago.

"Wannan ba 'yarki ba ce?"

Ita ce. Fuskarta ce a jikin bangon nan na shataletale da gari ya ɗauka, tsawon bene uku, bakinta yana motsi. Sauti ne kawai babu.

Ko keken ɗinki ba ta kashe ba. Da tef ɗin awo a wuya ta iso wurin ƙarfe huɗu da rabi, tana haki.

Tsohon gini ne aka lulluɓe gefensa da allon haske. Fuska ta taso, an zana ta da ɗigo-ɗigon wuta, ta yi 'yar magana, ta watse kamar an hure toka, wata ta taso. Masu mota na rage gudu suna leƙe, na baya na danna musu hon. A ƙasa akwai ɗan ɗakin gilashi da ake shiga a yi maganar. Gefensa kuma wata da'ira ce rawaya a ƙasa, da wani abu kamar kifaffen kwano a rataye a samanta.

Ta nufi can kai tsaye. Mai gadi ya tare ta da sanda.

"Ina zuwa, baiwar Allah?"

"'Yata ce a jikin bangon nan."

"Kowa ma da nasa a jiki. Ni surukina ne ya fito jiya, har yanzu ban warke ba. Layi."

"Malam, a ina ake jin maganar?"

"Cikin rawayar can. Wanda ke ciki kaɗai ke ji, ko kana gefensa kamar ni da ke ba ka jin komai. Mutum ɗaya, fuska ɗaya, ka fita."

"To a kawo mini ta 'yata."

Ya kwashe da dariya.

"A kawo? Gidan abinci kika zo? Wadda ta fito ita ce rabonki. Kuma in za ki shiga layi ki shiga, yau ne ƙarshe. Ƙarfe shida ana goge komai."

"Goge me?"

"Komai da komai. Kwana talatin aka yi ana abu, sai yau kika tuna? Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Ta haɗiye abin da ya zo mata baki. Ta shiga layi. Ta ƙirga, mutum goma sha huɗu ne a gabanta.

Na gabanta wani magidanci ne mai sayar da caja, wayoyi sun sarƙe masa wuya. Ya juyo.

"Hajiya, ba ki gane ni ba? Sau tara ina fitowa a can sama. Talla kyauta! Jiya wata ta zo ta ce ta gan ni, hancina ya kai girman ƙofa."

Wani dattijo a bayanta ya yi tsaki.

"Unguwarmu kwana huɗu ba wuta, ga ta nan ana zuba wa bango. Aikin banza."

"To Baba me ya kawo ka layin aikin banza?"

"In ga iya banzar tasa."

Aka yi dariya. Ita ba ta ji ba. Idonta na sama. Kowace fuska ta watse sai gabanta ya faɗi, wata ta taso, ba ita ba.

Da layi ya zo kanta ta faɗa da'irar har tana tuntuɓe. Hayaniyar titi ta ja baya, murya ta zubo mata daga saman kai kamar ruwa. Wani ƙato ne mai gashin baki.

"Kai maƙwabcina mai jar mota, ka sake tare mini ƙofa ka gani!"

Ya watse.

"Na gaba!" in ji mai gadi.

"Ba ita ba ce!"

"Na gaba, baiwar Allah."

Ta koma ƙarshen layi. Zagaye na biyu wata mata ce ta fito mata, ido jawur.

"Telolin garin nan, Allah ya isa tsakanina da ku! Gobe, gobe, gobe, har biki ya wuce!"

Maman Kanari ta fizge tef ɗin daga wuyanta ta dunƙule a hannu. Ta sake komawa baya. Ƙarfe biyar da minti goma.

Mutum shida suka rage a gabanta lokacin da ɗigon wutar suka haɗu suka yi ƙananan kitso biyu, da goshi, da wushiryar nan.

Kanari.

Bakinta ya buɗe. Yana motsi. Yana motsi a hankali, yadda take yi in tana ba da labari.

"Ita ce! Ku ba ni hanya! Ita ce!"

Ta ture na gabanta, wayoyin mai caja suka sarƙe mata hannu, mai gadi ya gitta sanda. Kafin ta kuɓuce fuskar ta watse.

Wanda ke cikin da'irar wani siririn mutum ne mai riƙe da fayil, waya manne a kunnensa. Ta damƙi hannun rigarsa.

"Me ta ce?"

"Wa?"

"Yarinyar! Yarinyar da ta fito yanzu! Me ta ce?"

Ya dubi bangon, ya dube ta.

"Wallahi ban saurara ba. Waya nake."

"Waya kake?"

"Jira nake a ɗauka. Tun safe nake kiran wanda ya ce zai ba ni aiki, sai ta yi ta ƙara..."

"Ka shiga layi, ka tsaya a wurin, 'yata ta yi magana a kanka, kai kana waya? Wata takwas! Wata takwas ina kwana ina tashi ban ji muryarta ba, aka zuba maka ita a kunne ka zubar!"

Muryarta ta cika wurin. Wasu 'yan mata da ke ɗaukar hoto suka sauke wayoyinsu.

Ƙofar wata farar mota da ke fake a gindin bangon ta buɗe. Wata mata ta sauko, mai tabarau, furfura ta fara cin gaban kanta.

"Lafiya?"

"Ga mai bangon nan," in ji mai gadi, ya ja gefe da saurinsa.

Maman Kanari ta yi kanta.

"Ke ce kika ɗauki 'yata kika manna a titi? Da izinin wa?"

"'Yar'uwa, yaro ba ya shiga ɗakin can sai babba ya sa hannu. Wace ce 'yar taki?"

"Wadda ta fito yanzu. Mai kitso biyu."

Matar ta cire tabarau.

"Mai jar jaka?"

"Kin san ta?"

"Kullum ƙarfe biyu take zuwa, da kayan makaranta. Sau goma sha ɗaya ta shiga. Wata tsohuwa ce ke kawo ta, mai ɗingishi kaɗan."

Maman Kanari ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Inna. Uwar mijinta. Ita ke ɗauko Kanari daga makaranta kullum, ta biyo da ita shago ƙarfe uku kafin su wuce gida, ta ce motar haya ce ta yi wuya.

Sau goma sha ɗaya.

"To ki kunna mini. Guda ɗaya kawai. Ga motarki can, ki shiga ki nemo."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Duka biyun. Babu suna a ciki, babu lamba. Da gangan na gina na'urar haka. Kuma ga alkawari can a rubuce a ƙofar gilashin: ba mai nemo maganarka, ranar ƙarshe a goge. Mutum dubu huɗu ne suka yarda da ni suka faɗi abin da ba sa faɗa a gida."

"Ni ina ruwana da mutum dubu huɗu? Uwarta ce ni!"

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Kina da 'ya?"

Matar ta mayar da tabaraunta.

"Ina da ita. Ta girma, ba ta kirana. Ki bar wannan."

"To ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki ƙara kwana ɗaya."

"Takardar izinina ƙarfe shida za ta ƙare. Ga masu kwance allon can sun iso da motarsu."

Maman Kanari ta juya mata baya don kada hannunta ya yi abin da za ta yi nadama. Ta ciro waya ta kira Inna. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Inna, ina wurin bangon."

Maman Kanari ta ƙara manna wayar a kunne.

"Inna, kina jina? Kwana goma sha ɗaya kina kallona ina kuka a kan keke, kin san tana magana, ba ki gaya mini ba?"

"'Yar nan, saurara..."

"Me ta ce? Ki gaya mini me take cewa!"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Gilashi ne tsakaninmu, bakin kawai nake gani. Ranar farko wucewa muke, ta ja ni da hannu. Da na ga leɓenta na motsi sai da na zauna a ƙasa."

"Shi ne kika ɓoye mini?"

"In gaya miki ki yi me? Ki zo da zafin nan naki ki tsaya mata a ka, gobe ki kwashe ta sai asibiti, a haska mata tocila a maƙogwaro? Tsuntsun da ya fara sauka cin tsaba ba a ɗaga masa hannu."

"'Yata ce, Inna!"

"Ni kuma ɗana ne ya tafi. Tun yaushe nake ce miki a gaya wa yarinyar nan gaskiya? Kika ce tafiya ya yi. Kullum mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa taga, ke ba kya gani?"

"Kare ta nake yi!"

"To. Ga mu nan zuwa."

"Kar ki kawo ta! Inna, kar ki..."

Inna ta kashe wayar.

Biyar da rabi ta gota. Maman Kanari ta dubi layin. Ya ninka, masu tashi daga aiki sun cika shi, kowa na son ya ji na ƙarshe. Ta yi lissafi irin na mai yanka yadi: ko ta shiga yanzu, sau ɗaya za ta samu. Ta tsuguna a bakin kwalta.

Sai ta ji muryar mai caja, irin wadda yake talla da ita.

"Jama'a! Ku saurara! Ni na fito sau tara, na ji na mutane ya fi sau hamsin, ban ƙaru da komai ba sai gulma. Matar nan 'yarta ce ba ta magana sai a bangon nan. Ni na bar mata layina. Wanda bai bari ba kuma, cajarsa ta ƙone!"

"Kai ka sayar masa ai dole ta ƙone," in ji dattijon. Ya fita daga layi, ya ɗaga sandarsa. "Ku watse mana! Ba ku da iyaye ne?"

Wani ya yi gunaguni, wai tun daga bayan gari ya zo. 'Yan matan nan suka yi masa ca har ya ja baya. Mai fayil ya matso, kansa a ƙasa, ya ce, "Ki yafe ni." Mai gadi ya dubi mai bangon. Ta gyaɗa kai. Ya sauke sanda.

"Shiga, baiwar Allah. Dokar mutum ɗaya fuska ɗaya ta tafi hutu."

Ta shiga.

Wani ya fito yana zagin shugabansa na wurin aiki. Wata tana faɗa da ƙanwarta. Wani yana tsine wa ɓarawon takalminsa. Mai jar mota ma ya fito yana rama wa maƙwabcinsa.

Shida saura kwata.

"Me ya sa masu faɗa kawai na'urar nan take ba ni?" ta daka wa mai bangon tsawa. "Duk garin nan ba mai magana sai mahaukata?"

Matar ta matso har bakin da'irar, ta rage murya.

"Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Na'urar tana da ido a cikin kwanon nan na sama. Fuskar wanda ya tsaya take dubawa, ta nemo masa mai irin yanayinsa. Mai dariya ta ba shi mai dariya. Ke tun da kika zo a fusace kike."

"To in yi dariya? Da me?"

"Ba dariya 'yarki take yi ba. Wa ta fito wa ɗazu?"

Maman Kanari ta waiga. Mai fayil na tsaye, ya sake manna waya a kunne, ya ƙura wa wuri ɗaya ido.

"Shi kuma me yake yi?" in ji mai bangon.

"Jira," Maman Kanari ta faɗa a hankali.

Jira.

Ta tuna Kanari a bakin taga. Haɓa a kan hannu, gira a ɗage kaɗan, baki a rufe. Fuskar da take gani kullum ta ɗauka rashin lafiya ce.

Ta saki tef ɗin ya faɗi ƙasa. Ta saki kafaɗunta. Haƙoran da ta datse tun daga shago ta raba su. Abin ya fi ɗinkin dare wuya, don zuciyarta na ta tafasa tana cewa lokaci, lokaci. Ta ɗaga kai ta dubi bangon yadda ake duban hanya.

Wata tsohuwa ta fito, tana cewa ɗanta ya ce zai zo hutu.

Wani saurayi, wai har yanzu ba a kafe sunayen waɗanda suka ci jarrabawa ba.

Shida saura minti huɗu. Masu kwance allo sun fara sauke tsani. Wurin ya yi tsit, har masu mota sun daina hon.

Ɗigon wutar suka watse. Suka dawo. Kitso biyu.

Ta toshe bakinta da hannu.

"Bango, ni ce kuma."

Muryar ta dishe kaɗan, amma ita ce. Ita ce wallahi. Har da yadda take jan ƙarshen magana.

"Yau ma ban yi magana ba. Malama ta ce in karanta, ban karanta ba. Kai ba mutum ba ne, ko? Kuma an ce za a goge ka. To ba laifi in na gaya maka."

Ta ja numfashi, irin na yara, da ƙarfi.

"Ranar da aka kira Mama a waya, ina ta ce mata Mama, Mama, Mama. Sai ta ce in yi mata shiru, kar ta sake jin bakina sai Baba ya dawo."

Ƙasa ta juya da Maman Kanari.

Ta tuna. Wayar a kunnenta, ma'aikaciyar asibiti na magana ƙasa-ƙasa, ba ta ji sosai, ƙaramin hannu na jan zanenta. Ta juya ta daka tsawar. Ko daƙiƙa uku ba ta kai ba. Ba ta sake tunawa da ita ba sai yau.

"Na yi shiru sosai. Ko tari ina yi a cikin filo. Amma ya daɗe. In na yi magana kafin ya zo, ƙila ya fasa dawowa. Bango, kai da kake da tsawo, kana hango shi?"

Fuskar ta watse.

Allon ya yi fari fat, sannan ya mutu. Tsohon bango ne kawai, da tsagarsa da tsohon fentinsa.

Ba wanda ya ji abin da ta ji. Jama'a na kallonta, suna jira.

"Hajiya, ta yi magana?" in ji mai caja. "Me ta ce?"

Ta juyo a hankali.

A gaban taron Inna ce tsaye, tana haki, ta dafe gwiwa. Kusa da ita jar jaka.

Kanari ta ga fuskarta a bango kafin ya mutu. Ta ga wadda ke tsaye a cikin rawayar da'ira. Ta san abin da ake yi a cikinta.

Idanunta suka firfito. Ta ɗaga hannuwa biyu ta danne bakinta da ƙarfi, tana girgiza kai, tana ja da baya, hawaye na bin yatsunta.

Maman Kanari ta zube a kan gwiwoyinta a kwalta. Ta miƙa hannu.

"Zo. Ba ki yi laifi ba. Zo, uwata."

Yarinyar ba ta matso ba. Ta saki hannu ɗaya, ta nuna hanya, inda motoci ke shigowa shataletalen. Ta ɗaga gira.

Tambayar da take yi a bakin taga wata takwas.

Maman Kanari ta dubi Inna. Inna ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ya rage naki, 'yar nan. Tafiyar ce, ko gaskiyar?"

Ta ja gwiwa har gaban 'yarta. Ta kama ƙananan hannuwan, ta sauke su daga bakin.

"Kanari," ta ce. "Babanki..."